Ranar da Maza Suka Ɗaura Zannuwanmu

Ban zaɓi darasin don ina sonsa ba. Na daɗe ina aikin nas a jihar Maryland ta Amurka lokacin da asibitinmu ya ce duk mai son ƙarin matsayi sai ta cike digirinta, cikin sharuɗɗan kuwa har da darasi guda wanda bai shafi jinya ba. Na duba jadawalin kwalejin, na ga abu ɗaya ne kawai ya faɗo ranar Asabar da safe, ranar da ba ni da aiki: wasannin kwaikwayon Girkawan dā. Na sa hannu ina tsaki. Mijina har dariya ya yi mini. Ya ce, "Ke da ko wasan Hausa ba kya iya zama ki ga ƙarshensa, ke ce za ki karanta na matattun Turawa?"

Malamar tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, tana dogara sanda, amma in ta buɗe baki har na ƙarshen aji sai ya gyara zama. A mako na uku ta shigo da wata fuskar aro ta kwali, mai wangamemen baki da dogon gashi, ta ɗora a kan tebur. Ta ce irin wannan 'yan wasan Girka suke sawa, kuma dukkansu maza ne. Duk matan nan da muke ta karantawa, sarauniyoyi da zawarawa da uwayen da ke tsayawa gaban sarki su faɗa masa abin da fadawansa suka kasa, namiji ne ya rubuta musu magana, namiji ne ya sa doguwar riga ya faɗe ta, maza ne kuma suke yanke wanda ya ci gasa. A wasanninsu na barkwanci, in ji ta, wani lokaci mata kan ƙwace ragamar gari, abin dariyar kuwa shi ne wannan ɗin kansa, wai mace da mulki.

Na ɗaga hannu na ce, "To matan gaske suna ina?"

Ta ce, "Har yau masana suna gardama a kan ko an bar su sun zauna cikin 'yan kallo ma."

Na hau jirgin ƙasa na Metro raina a ɓace, har ya tsaya a unguwarmu Greenbelt, tasharsa ta ƙarshe, kowa ya fita ina zaune ban ankara ba. Amma ɓacin ran bai hana wasannin kama ni ba. Abin da ya fi shiga raina shi ne 'yan amshi, gungun mutanen da ke tsayawa a gefe suna magana da murya ɗaya, suna jajantawa, suna gargaɗi, ba su da ikon hana komai. Sun tuna mini da matan gidanmu a Zariya ranar biki, an kifa ƙwarya a ruwa, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, suna gaya wa mazan gidan abin da ba mai iya faɗa musu da fatar baki.

Muna da ƙungiya ta Hausawan wannan yanki, duk shekara bayan Babbar Sallah mukan kama wani zauren taro a Springfield mu yi wuni. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Maza su yi jawabi, mata su kawo abinci, yara su yi faretin kayan gargajiya sannan su koma bayan zaure su duƙufa a kan wayoyinsu. A wannan shekarar kwamiti ya ce a kawo wani sabon abu, don yaranmu sun fara ƙin zuwa. Bakina ya riga hankalina, na ce zan rubuta wasa.

Na rubuta shi da Hausa, a kan tsarin na Girkawa, amma labarin nawa ne. Wani gari ne rijiyoyinsa suka ƙafe. Majalisar gari ta yi kwana da kwanaki tana shawara, dokar garin kuwa ta hana mace magana a majalisa. Akwai wata tsohuwa da ta san inda ruwa yake, don kakarta ta nuna mata tun tana yarinya. Ta aika an ƙi ji, ta sake aikawa an ƙi ji, da yara suka fara mutuwa sai ta kutsa majalisar ta faɗa da bakinta. Aka haƙa, aka sami ruwa, gari ya sha. Sannan majalisa ta zauna ta kore ta daga garin saboda ta karya doka. Matan gari su ne 'yan amshi.

Da na kai wa kwamiti, na yi musu bayani da zumuɗin sabon ɗalibi. Na gaya musu yadda Girkawa suke yi, da fuskokin aro, da 'yan amshi, har da cewa a can maza ne suke fitowa a matsayin mata. Shugaban ƙungiyar likitan zuciya ne, mutum mai fara'a da kowa ke girmamawa, kuma na san shi a wurin aiki. Ya ce, "Sista, wannan abu ya yi. Allah ya ba da sa'a." Kowa ya ce amin.

Mu tara muka yi wasan. Duk Lahadi bayan Azahar mukan haɗu a ɗakin ƙasa na gidan wata dattijuwa a Silver Spring. Mama muke ce mata. Tsohuwar malamar makaranta ce daga Katsina, ta zo rainon jikoki ta zauna. A taro ba ka jin muryarta sai in gaisuwa ce. Ranar farko na miƙa mata takardar don kawai ta riƙe mana wurin tsohuwar kafin mu sami mai yi. Ta gyara tabarau ta karanta jawabin da tsohuwar ke yi bayan an yanke mata hukunci: "Kun sha ruwan da bakina ya nuna muku, yau kun ce bakin ne mai laifi. To ku amayar da ruwan tukuna, sannan ku kore ni." Ba ta ɗaga murya ba. Wata ƙawata nas 'yar Jos ta share ido da gefen gyalenta. Ba mu ƙara neman kowa ba.

Fuskokin da hannunmu muka yi su, da kwali da farin yadi da gam, muka shanya su a kan injin wankin Mama. Su suka warware mana matsalar kunya. Matan da suka ce ba za su iya tsayawa gaban mutane ba, da suka sa fuskar a kan hijabinsu sai ga murya ta fito. Ba a ganin komai na jikin kowa, ko ƙwayar ido. Wata biyu muka yi a haka, wasu suna zuwa kai tsaye daga wurin aiki da kayan asibiti a jikinsu.

Saura mako biyu taro, Likita ya kira ni gidansa. Mijina ya kai ni, don shi ma ɗan kwamiti ne. Na tarar da maza biyar a falo, an ajiye shayi. Bayan doguwar gaisuwa Likita ya ce, "Sista, wata 'yar magana ce ta taso. Wasu daga cikin manyanmu sun nuna damuwa. Matan aure a kan dandamali, gaban maza, ga kuma baƙi da za su zo daga gida. Kin san halin mutanenmu."

Na ce, "Dakta, a rufe suke ruf. Ko mazajensu ba za su gane su ba."

"Murya fa?"

"Muryar da suke kiran lambar tebur da ita duk shekara in ana rabon abinci? Ita ce yau ta zama matsala?"

Ya yi murmushi irin wanda yake yi wa dangin majiyyaci. Ya ce, "Ba soke wasan za mu yi ba, wasa ne mai kyau. Mun sami mafita. Maza za su yi. Ai ke da bakinki kika ce mana haka Girkawan suke yi. Kin ga ma mun koma asali."

Sauran suka yi dariya, har wani ya tafa. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wannan mutumin kullum yana tsaye a ɗakin tiyata mace tana ba shi umarni, yana cewa to. Shugabar sashensa mace ce. Bai taɓa cewa muryarta ta dame shi ba. Sai da ya dawo cikinmu ya sa hula, sannan ya tuna mace ba ta magana. Abin da na faɗa musu don su ji takaicinsa, shi suka ɗauka suka mare ni da shi.

Na juya na kalli mijina. Yana kallon cikin kofin shayinsa.

Abin da ya kamata in yi shi ne in tashi in ce a ba ni takarduna. Ban yi ba, kuma har yau wannan yana cikin abin da ke ci mini rai. Na tuna wahalar da muka sha, na ce ko ba komai maganar za ta shiga kunnen mutane. Na kira Mama daga cikin mota, ta ce, "'Yar nan, bar su. In dai za a faɗi maganar yadda kika rubuta, ba mu yi asara duka ba." Na kafa sharaɗi ɗaya, kada a canza ko kalma. Likita ya ce ya ɗauki alkawari. Muka tattara fuskokinmu tara muka ba su, har da aron zannuwa. Mijina da kansa ya sa nawa a mota, atamfata shuɗiya da ban fi sau biyu da ɗaurawa ba.

Ranar taro zauren ya cika. Tun safe muna tsaye a bayan dogayen tebura, masa da miyar taushe, dambun shinkafa, farfesu, zoɓo a manyan kuloli. Bayan La'asar aka ce wasa. Na ajiye cokalin rabo na matsa gaba.

Suka fito babu fuska ko ɗaya. Daga baya na ji wai zafi suka ce tana sa su. A maimakonta sun shafa jan baki, sun ɗaura gwaggwaro, sun cusa matasan kai a gaba da baya. Wanda ya fito a tsohuwar wani injiniya ne mai gemu, ƙato, sanye da atamfata. Ya shigo yana rangwaɗa, ya riƙe ƙugu, ya tafa hannu ya yi shewa. Kafin ya ce uffan zauren ya kece da dariya.

Sun cika alkawari, ba su canza kalma ba. Sun dai faɗi kowace kalma da siririyar murya ta hanci, suna murguɗa baki, suna fari da ido. Inda 'yan amshi ke lissafa yaran da ƙishirwa ta kashe, sai suka zube ƙasa suna birgima suna kururuwar ƙarya, ɗankwalin wani ya faɗi, sanƙonsa ya bayyana, mutane har da buga tebur. Da aka zo jawabin tsohuwar, injiniyan ya ce "ku amayar da ruwan" sannan ya duƙa ya yi kakarin amai a gaban 'yan majalisa, ya juya musu matashin da ke bayansa ya kaɗa. Wani dattijo a layin gaba, cikin waɗanda aka ce muryar mata ta dame su, yana dariya har yana share hawaye da hannun babbar rigarsa.

Ba mazan kaɗai ba. Mata ma sun yi dariya, har da biyu daga cikin 'yan amshina. Wannan ya fi yi mini ciwo a lokacin, ko da yake yanzu na rage ganin laifinsu, ƙaton namiji da jan baki abin dariya ne ko a ina. Na nemi Mama da ido. Tana tsaye a bayan kular zoɓo, leɓɓanta suna motsi. Tana bin jawabin ne a hankali, kalma bayan kalma, yadda ta haddace shi.

Da aka gama Likita ya hau ya karɓi makirufo. Ya gode wa injiniya da tawagarsa da suka sa mu nishaɗi. Ya ce a tafa wa iyayenmu mata da suka ba da aron kaya kuma suka cika mana ciki. Aka tafa. Bai ce ga wadda ta rubuta ba.

Ban san lokacin da na isa dandamalin ba. Na miƙa hannu, shi kuma don mamaki ya sakar mini makirufon. Ina so in ce na yi magana mai tsari, amma ba haka aka yi ba. Na ce ni na rubuta wasan nan, kuma ba wasan dariya ba ne. Na ce mata tara sun yi wata biyu suna haddace shi aka hana su hawa nan saboda wai kunya, to ina kunyar take a abin da muka gani yanzu? Na ce in muryar mace ce ba a so, me ya sa aka kwaikwaye ta? Ashe ba muryar ce ba a so ba, mai muryar ce. Ina cikin cewa a dubi Mama can, ita ce ya kamata ta tsaya a nan, sai na ji muryata ta daina fita a lasifika. Wani ya zare waya. Na ci gaba da magana a haka, ba mai ji sai na layin gaba, su kuma sun kawar da kai. Mai kiɗa ya saki waƙa. Na ajiye makirufon a ƙasa na sauka.

Ba wanda ya tafa. Ƙawata 'yar Jos ce kawai ta taro ni, ta kama hannuna ta fitar da ni waje.

A hanyar komawa muka tarar da cunkoso a Beltway, babban titin da ya kewaye birnin, motoci sun tsaya cak, rana tana dukan gilashi. Can mijina ya ce, "Amma dai kin san mutane sun ji daɗin wasan."

Na ce, "Na gani."

"Da kin bari an tashi, sai mu same shi a gefe. Yanzu kin sa ana kallona."

"Ana kallonka? Alhaji, zanena wani ƙato ya ɗaura yana kaɗa wa jama'a ɗuwawu, kai ka kai masa da hannunka. Ranar da aka ce matarka ba za ta yi magana ba kana zaune kana kallon shayi. Duk wannan ba a kalle ka ba sai yau?"

Ya ce, "Ni kaɗai zan ja da mutum biyar?"

Na ce, "Ni kaɗai na ja da zaure guda."

Ya mayar da idonsa kan titi, muka ja a haka har Greenbelt. Zanen da aka dawo mini da shi yana warin turaren wani, ban wanke ba, na sa shi a kwandon kayan sadaka.

Mako guda wayata ba ta huta ba. Yawanci mata ne. Wata ta ce na zubar wa mijina mutunci. Wata ta ce boko ne ya hau mini kai. Wata ta ce gaskiyata ce, amma kada in ce ita ta faɗa. Likita ya aiko da saƙo mai ladabi, ya ce an yi rashin fahimta, ƙofarsa a buɗe take. A asibiti muka ci gaba da haɗuwa a lif, yana cewa "Sista, ina gajiya," ina cewa "Ba gajiya, Dakta." Na fita daga ƙungiyar ban rubuta wa kowa takarda ba. Fuskokinmu da na tambaya, aka ce an bar su a zauren, masu shara sun kwashe.

Mama ce ta kira ni bayan wata guda. Ta ce, "'Yar nan, ni fa har yanzu maganar tana bakina, ta hana ni sakat. Ko a tsakar ɗaki ne a bar ni in faɗe ta."

Cikin mu tara, biyar suka dawo. Sauran wasu mazajensu sun hana, wasu su suka hana kansu. Muka sake yin fuskoki. Muka kama ɗan ɗakin taron da ke ƙasan benen da muke zaune, wanda ake bikin ranar haihuwar yara a ciki, muka jera kujerun roba. Waɗanda suka zo ba su cika ɗakin ba. Malamata ta zo da sandarta ta zauna a gaba, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Maza uku ne, ɗaya mijina, wanda ya ɗauko kujerun ya jera ba tare da na roƙe shi ba, ya kuma zauna a can baya. Bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban ce na yafe ba.

Mama ta yi tsohuwar. Da ta zo jawabin ba ta ɗaga murya ba, kamar dai ranar farko. Na tsaya cikin 'yan amshi, fuskar kwali tana manne mini da gumi, ina jin numfashin matan da ke gefena. Ba wanda ya yi dariya. Da muka gama malamata ta riƙe hannun Mama da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Aka ci masa aka watse, muka share ɗakin muka mayar da makulli.

Na so a ce wannan ya wanke mini zuciya. Ya rage, bai wanke ba. A Sallar da ta wuce wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta turo mini bidiyo daga Kano. Ashe wani ya ɗauki wasan mazan a waya, ya yi ta yawo har ya isa gida. Ga injiniya da atamfata, ga kakarin amai, an yanke daidai inda Likita ya hau godiya. Ta rubuta a ƙasa: "Yaya, kin san waɗannan? 'Yan Amurkanku akwai ban dariya, cikina har ciwo yake."

Na rubuta mata amsa mai tsawo na goge. Sai na tura mata namu, wanda ƙawata ta sa aka ɗauka daga bayan ɗaki, hoton yana rawa, ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. A kwana na uku ta rubuto: "Na kalli rabi. Wannan ai babu dariya a ciki."

Na ce mata eh, babu.